Hamada Biyu a Idon Ba'adare: Ta Ayari da Ta Gona

Wanda ya tsaya a kan dabagin Allakaye, cikin gundumar Buza a ƙasar Adar, a tsakiyar bazara, ya dubi arewa, ba zai hangi tudun rairayi irin na hotunan Sahara ba. Abin da zai gani shi ne duwatsu a warwatse, da jar ƙasa da ta ƙeƙashe, da kwazazzabai waɗanda ruwan damina ya yanka suna gangarawa fadama. Sahara ta ainihi tana can gaba, bayan Tawa da Abalak da Ingal. Duk da haka, in ka zauna da mutanen wurin, ba a daɗewa kalmar hamada ba ta faɗo cikin hira ba. Dattijo zai ambace ta yana ba da labarin ayarin gishiri da ke sauka kasuwannin Adar. Matar da ta wuni neman itacen girki za ta ambace ta tana nuna gonar da ta daina ba da hatsi. Kalma ɗaya ce a bakinsu, amma abu biyu suke nufi: akwai hamadar ayari, akwai hamadar gona. Ya dace a jera su gefe da gefe, a duba asalinsu da tarihinsu da abin da kowace ta sa mutum ya gina ko ya ƙera, kafin a ce wani abu a kansu.

A fara da shekaru. Hamadar ayari tsohuwa ce, ta girmi duk wata sarauta da muka sani, amma ita ma ba haka aka same ta tun farko ba. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5. Wanda ya zana su ya san dabbar sani na ido, ya bi zanen fatarta ɗaya bayan ɗaya. Ke nan inda yau babu abin da raƙumin dawa zai ci, a da akwai itatuwa da tafkuna. A Gobero, cikin hamadar Tanere, an tono kaburburan mutanen da suka rayu a bakin tafki suna kamun kifi. Wannan hamada ta bushe a hankali, cikin dubban shekaru, ta ba mutane lokacin koyon zama da ita.

Hamadar gona kuwa yarinya ce. Akwai masu rai a Buza da Keita da Madawa da suka san dabagi yana da duhun geza da sabara, suka kuma ga ranar da ya koma fako. Farin 1973 ya fara karya dajin, na 1984, wanda aka laƙaba wa suna El Buhari, ya ƙarasa abin da ya rage a wurare da yawa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka hau gangaren da a da ake barin sa ga dabbobi, aka daina hutar da ƙasa, gatari ya bi abin da fari ya bari. Abin da ya ɗauki waccan dubban shekaru, wannan ta yi shi cikin rayuwar mutum ɗaya, ba ta ba kowa lokacin shiri ba.

Sai batun ruwa, wanda shi ne zuciyar maganar. A Tanere matsalar ita ce ruwa ba ya sauka. Shekara kan zagayo ba a ga ɗigo ba, don haka duk ilimin matafiyi ya tattaru a kan sanin inda rijiya take da yawan kwanakin da salka za ta kai shi. A Adar kuwa ruwa na sauka, wani lokaci da ƙarfin da zai rushe katanga, sai dai ba ya tsayawa. Ya faɗi a kan fako mai tauri kamar daɓe, ya kasa shiga, ya taru ya gangara da gudu, ya kwashe 'yar ƙasar da ta rage, ya je ya binne gonakin fadama da yashi. Da hantsi ƙorama ta cika ta batse, da la'asar yara na wasa a cikinta. A can ƙishirwa ke kashe mutum saboda sama ta hana. A nan ƙishirwa ke kashe gona alhali sama ta bayar.

A tarihi, hamadar ayari hanya ce. Gobirawa na riƙe da labarin cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro kudu. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci ƙasar Adar da yaƙi, kuma daga zuriyarsa aka samu sarakunan Adar da suka zauna Illela, kamar yadda Farfesa Djibo Hamani ya bi diddigi a bincikensa kan tarihin Adar. Abzinawan Kel Geres da suka sauko suka zauna yankin Madawa sun shahara da fataucin gishiri: su ɗauki hatsi daga nan, su ratsa Tanere zuwa Fashi da Balma, su komo da kantu da dabino, su wuce da su Sakkwato da Kano. Ilimi ma ta nan ya bi. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mutumin wannan yanki ne, kuma har Agadas Shehu ya bi shi neman karatu. Wanda ya karanta tarihin Adar ya cire arewa, ya cire rabin littafin.

Hamadar gona ita ma tana da tarihinta, sai dai ba a gidan sarki aka ajiye shi ba, a sunayen yunwa aka ajiye shi. Tsofaffi na ƙidaya shekarunsu da Kakalaba ta wajen 1914, da shekarar fara, da El Buhari. Ita ce ta mayar da cin rani ya zama kamar wajibi a kan saurayin Adar: a gama girbi, a ɗaure kaya, a nufi Kano ko Legas ko Abijan ko Libiya, a bar gari ga mata da tsofaffi da yara. Waccan ta kawo wa Adar baƙi da gishiri da littattafai. Wannan ta riƙa kwashe mata 'ya'yanta duk rani.

Adalci ya sa a faɗi muni da kyau na kowace. Hanyar da ta kawo gishiri ita ce ta kwashi bayi zuwa Murzuk da Tarabulus. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san yadda marubucin Hausa ya ga wannan hamada: wurin da ke raba ɗa da uwa, wurin da guguwar rairayi ke binne ayari. Abin bai ƙare da zamanin bayi ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Duk wanda zai yi wa Tanere kirari, kada ya manta da waɗannan.

Haka kuma hamadar da ta kawo yunwa ita ce ta fito da wani irin ƙwazo da ba a san Adar na da shi ba. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, da haɗin gwiwar ma'aikatar gandun daji ta Buza da ƙungiyar CARE: layi bibbiyu, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100, don su karya iskar da ke kwashe ƙasa tana ƙone shuka. A 1984 Furojen Keita ya fara aiki da tallafin Italiya da hukumar FAO, daga baya ya faɗaɗa har Buza da Abalak. An jera duwatsu, an haƙa ramuka a gangaren tudu, an gina madatsun ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa, an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 30,000. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Su suka ɗauki dutse a ka, da goyo a baya, ana biyan su da abinci. Waccan hamada mai suna tana da kaburbura a ƙarƙashin sunanta. Wannan marar suna tana da jarumai da ba a yi wa kirari ba.

A dubi gini, domin a nan bambancin ya fito a fili har ido ya gan shi. Alamar hamadar ayari ita ce hasumiyar masallacin Agadas. An gina masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, tsawonta mita 27, duk da ƙasa. Gindinta faɗi, tana tsukewa tana hawa, itatuwa sun fito a jikinta ta kowane gefe, su ne ƙarfinta, su ne kuma matakalar magina in za a yi yaɓe. Bajamushen nan Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya gan ta a 1850 ya ba da labarinta, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Gini ne da aka yi don a hango shi daga nesa. Madugun da ya kwana ashirin yana kallon rairayi da kawalwalniya, in ya hangi kanta, ya san ya iso ruwa da inuwa da jam'in salla.

Alamar hamadar gona kuwa rumbu ne, irin manyan rumbunan ƙasa na Adar da ke tsaye a gefen ƙauyuka kamar tuluna. A kan duwatsu ake ɗora gindinsa don gudun gara da laima. Magini na kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya ɗora zagaye ɗaya, ya bar shi ya sha iska, gobe ya ɗora wani, yana buɗa cikin a hankali har ya kai inda ya so, sannan ya fara tsuke shi zuwa baki. Bangon siriri ne, amma yana ɗauke da damman hatsi masu yawa. Bakin ƙarami ne, a can sama, da hular ciyawa, sai da tsani ake kai gare shi, don kada hannu ya saba da shiga. Hasumiya ta miƙe don ta kira na nesa. Rumbu ya kumbura don ya riƙe na gida. Ƙasa ɗaya aka gina su da ita, kuma dukansu in aka yi sakaci da yaɓe, damina za ta cinye su.

Akwai ginin da ya tsaya tsakanin biyun, a nan cikin jihar Tawa. Masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Alhaji Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci gaba da ƙawata shi daga 1975 har ya yi masa hasumiyoyi huɗu kowace da siffarta, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Manoma ne suka gina shi, wannan ya kawo ruwa, wancan ya buga tubali, wani ya ba da hatsi. A Dandaji kuma, an mayar da tsohon masallacin da shi Falke ya gina ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa, bisa zanen Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, aka kammala a 2018. Wanda ya shiga irin wannan gini da azahar ɗin bazara, ya fito ya shiga ɗakin siminti mai rufin kwano, ba sai an yi masa bayanin abin da magabata suka sani game da zafi ba.

A fagen ƙira da kiɗa, rinjaye na hamadar ayari ne, babu musu. Abin wuyan azurfa na Agadas ya zama tambarin Nijar a idon duniya, kuma cikin jerin ƙirar da ake danganta wa garuruwa akwai ta Tawa, akwai ta Madawa. Garayar zamani ta su Bombino da Mdou Moctar ta kai sunan Tanere Faransa da Amurka. Rawani da takobi da amale mai doguwar wuya sun cika hotuna da fina-finai. Ko tutar ƙasa ta ba ta launin da ke sama, ruwan lemo, ta bar kore a ƙasa ga yankin noma. Baƙo in ya ji an ce Nijar, tudun rairayi yake gani, ko da yake mafi yawan 'yan ƙasar a kudu suke, suna riƙe da hauya.

Hamadar gona ba ta da mawaƙin da ya kai ta Turai, amma ba a ce ba ta da zane ba. Tabarmar Madawa, da mata ke saƙawa da kaba, ado ce da aka fitar daga itacen da ke jure fari. Babban zanenta kuwa a jikin ƙasa yake. Ka je fako a watan da ake shirin damina, ka ga yadda ake yin tassa. Mutum ya sa diga ya fasa ƙasa, ya yi rami kamar faɗin ƙwarya, ya tara ƙasar da ya fitar a gefen da ruwa ke gangarawa, ya zuba tafin taki biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi. Ruwan farko in ya sauka, maimakon ya wuce, sai ya kwanta cikin ramin ya bi hanyoyin gara ya nutse. Nan ake jefa iri. Manoman yankin Illela da Badagishiri ne suka farfaɗo da wannan dabara bayan wasunsu sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake yi, har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba a so. Ga kuma rabin wata, da ake haƙawa bakinsa na kallon tudu, ɗaruruwa a jere, kowane na tare ruwan da ya kuɓuce wa na sama da shi. In aka hau dutse aka dube su bayan ruwa, kowane riƙe da ɗan tafkinsa, ba su gaza kowace ƙirar azurfa kyau ba, kuma su ana cin abin da suka haifa.

Itace ma ya ba kowace shaidarta. Tanere ta yi suna da itaciya ɗaya tilo, wadda ba ta da 'yar'uwa a tsawon tafiya mai nisa, ayari ke saita hanya da ita, babu mai karya reshenta ko don dafa shayi. A 1973 mota ta buge ta ta faɗi. Gawarta na gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Hamadar gona kuwa itatuwanta ba su da suna ɗaya ɗaya: gawo ne da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi, toho ne da manomi ya daina sarewa, ya zaɓi reshe biyu ko uku ya rena, abin da aka kira sassaben zamani, wanda ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980 ya mayar da miliyoyin itatuwa gonakin Nijar. Can an girmama itace don babu wani. Nan ana koyon girmama shi bayan an ga abin da rashinsa ke jawowa.

To, da aka jera su haka, me ya fito? Abu na farko, haɗa su wuri ɗaya a tunani yana da illa. Mun saba cewa hamada na kwararowa, kamar rairayin Tanere ne ke tahowa kudu kamar rundunar yaƙi. Har babban shirin Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 da wannan hoto ya fara, jeri ɗaya daga Dakar zuwa Jibuti, kafin daga baya a gane cewa gyaran gonaki da makiyaya wuri wuri ya fi jeri ɗaya amfani. Fakon Allakaye a nan aka haife shi, a ƙarƙashin ƙafarmu. Manomin da ya ɗauka daga arewa hamadar ta zo zai naɗe hannu ya ce ikon Allah. Wanda ya gane a gonarsa ta tsiro zai yi addu'a, ya kuma ɗauki diga. Abu na biyu, su biyun suna da mahaɗa, kuma mahaɗar mai zafi ce: duk lokacin da hamadar gona ta ci nasara a wani ƙauye, hamadar ayari ke karɓar samarinsa a bayan mota zuwa Dirku da Sabha.

Hukuncina shi ne, hamadar ayari ta fi girma a tarihi da ƙira da suna, kuma haƙƙinta a kanmu shi ne mu san ta, mu koya wa 'ya'yanmu cewa Agadas da Balma da Adar tsatso ɗaya ne, mu kuma ji tsoronta yadda madugai suka ji. Amma hamadar gona ta fi kusa, ta fi gaggawa, kuma ita kaɗai ce cikin biyun hannun mutum ke iya mayarwa baya. Majiya ta nuna haka, Keita ta nuna haka, Badagishiri ta nuna haka. Darasin da madugu ya bar mana, na ƙidaya kowane ɗigo da shirya guzuri tun kafin a tashi, shi ne ainihin abin da fako ke bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka kirana ga magadan gari da sarakuna da malaman makaranta na Allakaye da Buza da Keita da Madawa shi ne a ba mai haƙa rabin wata irin girman da ake ba mai rawani a kan amale. A gyara madatsun da yashi ya cike, a kare layukan dogon yaro daga gatari, a kai yara su ga masallacin Yama su kuma ga tassa, a rubuta labarin matan da suka ɗauki dutse tun suna da rai. Kai kuma mai gona, kada ka jira furoje. Tsakanin girbi da ruwan farko akwai wata bakwai, kuma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.